Ƙugiyar Layi na Bakwai

Kalma ɗaya ce a saman fayil ɗin, da jan biro, an ja mata layi biyu a ƙasa: weird.

Safiyatu ta duba sunan da ke bango. Labaran Gumel, sashen ɗaurin dila, shekara ashirin da uku a masaƙa. Ta rufe fayil ɗin ta ɗora hannu a kai.

Shekararta huɗu a ofishin ma'aikata na wannan masaƙa ta Sharaɗa. Aikinta shi ne ta ɗauki abin da manya suka rubuta da Turanci ta mai da shi takardar da za a karanta wa ma'aikaci da Hausa. Sunayen laifi duk ta haddace su, don suna cikin littafin dokokin kamfani: makara, sata, barci a bakin aiki, faɗa, raina na gaba. Wannan kalmar ba ta cikinsu.

Ta hau bene wurin sabon manaja. Abdulbaƙi ɗan mai kamfanin ne, watansa uku da dawowa daga Ingila, kuma har yanzu sai ya toshe hanci da hankici yake ratsa sashen rini.

"Ranka ya daɗe, wannan kalmar ban san gurbin da zan sa ta ba."

"Ba difloma kika yi ba?"

"Na san ta a littafi. Hauka kuke nufi?"

"Da hauka nake nufi da na rubuta hauka."

"To wani abu ya ɓata?"

Abdulbaƙi ya ajiye biro. "Malama Safiyatu, kin taɓa ganin abu, ba wanda ya ji ciwo, ba abin da ya ɓace, amma tsikar jikinki ta tashi? Shi ke nan ma'anarta. Ana faɗa wa mutum, ana faɗa wa gida, ana faɗa wa mafarki. Jiya ƙarfe biyu na kai wani Alhaji mai sayen tsofaffin ƙarafa layi na bakwai. Muka tarar da tsohon nan a tsaye tsakanin injinan da aka lulluɓe, ya miƙa hannu, ba kowa a gabansa. Ya yi minti biyar a haka. Sannan ya juya ya wuce ta gabana kamar ni bango ne. Alhaji ya karanta Ayatul Kursiyyu ya koma mota."

Ya sake ɗaukar bironsa.

"Ranar Juma'a nake son takardar sallamarsa. Ki nemo sunan da doka ta sani, barin wurin aiki ko rashin lafiya, duk wanda ya fi sauƙi. In kuwa kin iya sa shi ya daina kafin nan, na yaga takardar, kowa ya huta. Yau Talata."

Ta sauko. Manaja bai san labarin layi na bakwai ba, bai kuma san 'yar wa ce ke buga masa takardu ba.

A ɗakin saƙa ba a jin magana. Injina ɗari biyu in suka tashi, ko a kunnen mutum ka yi ihu bakinka kawai zai gani, saboda haka masaƙa da hannu suke zance. Kowane layi yana da ƙugiya guda ɗaya, 'yar ƙarama da ba ta fi tsawon yatsa ba, wadda ake jawo zaren da ya tsinke da ita. Tun da daɗewa kamfani ya gaji da ɓatan ƙugiyoyi ya ce ɗaya ce ga kowane layi, mai tashi ya miƙa wa mai kamawa. Daga nan abin ya zama dokar masaƙa ta kansu, wadda ta fi ta littafi ƙarfi. Mai kamawa ya tsaya a bakin layi ya buɗe tafi. Mai tashi ya nuna masa da yatsu injin da ke ba da wahala, sannan ya sa masa ƙugiya a hannu. Wanda ke riƙe da ita shi ne mai layi, kuma ba ya barin wurin sai an karɓe shi, ko da matarsa ce ke naƙuda.

Malam Uba, mahaifin Safiyatu, shi ne ɗan safe a layi na bakwai. Labaran ne ɗan rana, mai karɓarsa ƙarfe biyu. Shekara goma sha ɗaya suna haka. Wata Laraba a 2001 Labaran ya tsaya aski a bakin ƙofar masaƙa, ya tarar da mutum biyu a gabansa, ya jira. Uba ya ci gaba da aiki, tunda ba a karɓe shi ba. Ƙarfe biyu da minti ashirin ƙoshiyar saƙa ta ƙwace daga inji na huɗu ta same shi a gefen kai. Da Labaran ya shigo, kansa fes yana ƙamshin sabulu, an riga an kashe injina.

An rufe layin don bincike, ba a sake buɗe shi ba. Lokacin atamfar waje ta cika kasuwa, wuta ba ta tsayawa, masaƙu a Bompai da Challawa suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Aka mai da Labaran ɗaurin dila. Aka ba 'yar mamacin aiki a ofis. Tsofaffin shugabannin sashe sun san inda Labaran ke zuwa in an busa jiniyar ƙarfe biyu, sai su kau da kai.

Safiyatu ma ta ji ana faɗa, amma ba ta taɓa zuwa ba. A shekara huɗu ba ta ce wa mutumin nan fiye da sannu ba. Duk Sallah yakan kawo musu gero gidansu a Ɗorayi, mahaifiyarta Ladidi ta karɓa ta yi godiya, ita kuwa ta shige ɗaki har ya tafi. Ta zauna gaban kwamfuta ta rubuta: Barin wurin aiki ba tare da izini ba. Rubutun ya yi daidai, ba ƙarya a ciki. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta goge.

Ranar Laraba, saura minti goma ƙarfe biyu ta cika, ta sauka.

Layi na bakwai yana can ƙarshen ɗakin saƙa, bayan wani katako da aka gitta. Injina goma sha biyu ne, kowanne lulluɓe da tampol. Ƙurar auduga ta kwanta a ƙasa fara fat, har ƙafa na nutsewa. Daga nan ƙarar sauran layukan takan ragu, mutum na iya jin muryarsa. Jummai mai shara tana jingine da tsintsiya a bakin katakon.

"A'a, 'yan ofis. Yau kwamfutar ta mutu ne?"

"Iya Jummai, me ya sa ba kya share nan?"

"Ba tsoro ba ne, kar ki je ki rubuta. Kunya ce."

"Kunyar wa?"

"Mutum na bakin aikinsa ka zo kana kaɗa masa tsintsiya a ƙafa?" Sai Jummai ta tuna da wa take magana, ta kama baki. "Allah ya jiƙan Malam Uba. Bakina ne ba shi da birki."

Ta nuna da haɓa. A gaban inji na huɗu akwai wani ɗan wuri, bai fi faɗin faifai biyu ba, inda siminti ke a fili, ko ƙwayar auduga babu.

"Ba ni na share ba," in ji Jummai.

Safiyatu ta ɗaga kai. Akwai gilashin taga da ya fashe a sama. Iska ce, ta gaya wa kanta. Ta tsaya tana sauraron iskar, ba ta ji ta ba.

Aka busa jiniya. Labaran ya shigo ta ƙofar baya, dogo, ya ɗan ranƙwafa, gashin kansa ya yi furfura ya cukurkuɗe ƙarƙashin hula. Sawunsa na jiya da na shekaranjiya sun yi hanya a cikin audugar, ya bi ta kansu. Ya tsaya taku ɗaya daga wurin da babu ƙura, ya buɗe tafin hannun dama. Idonsa yana kan wani abu da ke daidai tsayin fuskar namiji. Safiyatu ta ji gashin hannunta ya miƙe, ta tuna da jan biron manaja, ta ji haushin cewa kalmar ta dace.

Da ya sauke hannu ya juya, ta tare shi.

"Baba Labaran, ina wuni."

"Na'am?" Injina sun cinye masa kunne, da ƙarfi yake magana. "A'a, 'yar Uba! Lafiya lau. Ya Ladidi?"

"Za su kore ku ranar Juma'a."

"Su wa za su zo?"

"Korar ku za a yi!" Ta nuna hanyar ƙofa. "Saboda zuwa nan. In kun daina, an bar ku."

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa farashin goro. "Yara shida nake ci da su a Gumel. Ba na son kora."

"To ku daina. Ya mutu, Baba. Shekara huɗu."

"Na fi ki sanin ya mutu. Ni na shiga kabarin na karɓe shi da hannun nan." Ya kalli tafinsa. "A can na karɓe shi. A nan ban karɓe shi ba."

"Me kuke jira ya ba ku?"

"Ƙugiya mana. Ba a gan ta ba. Na duba ƙarƙashin kowane inji, na tona shara. Tana hannunsa ke nan. To mutum yana riƙe da ita, ya zai tashi?" Ya gyara hula. "Minti ashirin na makara. Kullum ina zuwa a kan lokaci, ko Allah zai sa."

Ya tafi. Jummai ta share hanci da bakin zani ta ce ƙurar nan ce ke sa ta mura.

Safiyatu ta san inda ƙugiyar take.

Da ta koma Ɗorayi ta tarar da mahaifiyarta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta wuce ɗaki ta ɗauko gwangwanin alewa da ke kan kwaba. Akwai katin aikin mahaifinta a ciki, da maɓallai, da allura, da ƙugiyar. A aljihun rigar aikinsa ta zo gida ranar da aka kawo kayansa. Mariƙinta na katako ya yi baƙi, ya yi santsi.

"Ina za ki kai mini ita?" in ji Ladidi. "Da ita nake zura mazagi."

"Umma, kayan kamfani ne."

"Yau kika san da haka? Kamfanin ya biya ni miji ne da zan biya shi ƙugiya?"

Safiyatu ta gaya mata komai, da manaja, da Juma'a, da hannun da ake miƙawa. Ladidi ta daina tsintar.

"Duk shekarun nan? Bawan Allah. Ai da ya tambaya." Ta ture shinkafar gefe. "Shi ya sa ba ya aski."

"Zan ba shi gobe, ya huta, mu huta."

"Babanki yakan ce wannan abar ba a ba da ita sai ga mai tsayawa."

"Ai shi yake nema, Umma."

"To. Ke ce mai boko."

Ranar Alhamis an sanar da ofis cewa Alhaji mai sayen ƙarafa zai dawo ƙarfe uku da yaransa su auna injinan. Safiyatu ta sauka kafin biyu. Jummai tana nan, wai wucewa take yi. Safiyatu ta ƙetare katakon, ta bi ta cikin auduga, ta tsaya a wurin nan da babu ƙura. Simintin ya yi ɗumi a ƙarƙashin takalminta. Rana ce ta taga, ta gaya wa kanta.

Jiniya. Labaran ya zo ya tsaya ya buɗe tafi. Bai dube ta ba, sama da kanta yake kallo. Ta sa masa ƙugiyar a hannu.

Yatsunsa suka rufe a hankali. Ya ci gaba da kallon saman kanta, ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya sake gyaɗawa, kamar ana nuna masa wani abu. 

"Sauka lafiya," ya ce. Wannan karon ba da ƙarfi ba.

Safiyatu ta ja da baya ta fita daga wurin. Ta ji nauyi ya sauka daga kafaɗarta. Ta jira ya juya ya koma ɗaurin dilarsa.

Labaran ya cire hula ya sa a aljihu. Ya naɗe hannun riga. Ya nufi inji na ɗaya ya ɗora tafi a kan tampol, ya ɗan saurara, ya wuce na biyu. Ya kai na goma sha biyu, ya juyo, ya sake farawa.

"Baba, ku koma sashenku."

Ya wuce ta.

"Baba Labaran! An gama! Ku koma!"

"Ina kan layi," ya ce.

"Har yaushe?"

"Sai an karɓe ni."

"Babu mai karɓa a layin nan! Babu 'yan dare!"

"To," ya ce, ya ɗora hannu a kan na uku.

Jummai ta saki tsintsiya. "Innalillahi. 'Yar nan, kin ɗaure shi. Da minti biyar yake yi, yanzu kin ba shi layin ɗungum."

Biyu da kwata. Biyu da rabi. Aka aiko daga ɗaurin dila ana nemansa, ɗan aiken ya leƙo ya ga ƙugiya a hannunsa, ya juya ya koma abinsa, don shi ma tsohon masaƙi ne. Safiyatu ta yi magiya, ta yi faɗa, ta ambaci yara shida na Gumel. Labaran yana tafiyarsa, baya a miƙe, kamar an cire masa shekara goma. Ta gane ko da ƙarfi aka fitar da shi gobe zai dawo, kuma ba zai tsaya a minti biyar ba. Takardar da ta goge ranar Talata yanzu ko yaro zai iya rubuta ta.

Uku saura kwata ta hango Abdulbaƙi a saman matakalar ƙarfe, da Alhaji a bayansa.

Ta taka zuwa bakin layi, inda sawun Labaran suka yi hanya. Ta tsaya inda yakan tsaya. Ta buɗe tafin hannun dama.

Sai da ya zagayo ya gan ta. Ya tsaya. A karo na farko ya dubi fuskarta sosai.

"Mace ba ta taɓa riƙe layi ba."

"Yau za ta riƙe."

"Kin san abin da kike karɓa?"

"Na sani. Ban makara ba, Baba. Ku ba ni."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗaga yatsu huɗu. Ya kaɗa hannu kamar abu mai rawa, ya nuna gefen hagu, ya girgiza kai.

"Na huɗu," ya ce, don ya ga ba ta iya zancen hannu ba. "Ƙoshiyarsa tana rawa. Kar ki tsaya ta hagunsa."

"Injin a kashe yake shekara huɗu."

"Haka dai ya ce mini ɗazu."

Ya sa mata ƙugiyar a tafi. Katakon ya jiƙe da gumi.

"Ki ce," in ji Jummai a hankali.

"Sauka lafiya," in ji Safiyatu.

Labaran ya warware hannun riga, ya mai da hula. Ya ƙetare katakon, ya haɗu da manaja a gindin matakala, ya rusuna. "Barka da rana, ranka ya daɗe. Alhaji, sannu da zuwa." Ya wuce sashensa.

"Ke kuma me kike yi a nan?" in ji Abdulbaƙi.

"Na zo karɓar kayan kamfani, ranka ya daɗe."

Ta fita daga layin. Ƙafarta ta yi nauyi wajen ƙetare katakon, amma ta ƙetare.

Ranar Juma'a Abdulbaƙi ya tsaya a tagarsa ƙarfe biyu. Ba wanda ya je layi na bakwai. Ya jira har Litinin don ya tabbatar, sannan ya yage shafin farko na fayil ɗin ya jefa a kwando. A makon aka kwance injinan aka loda su a tirela. Jummai ta share wurin tas. Labaran ya zo aiki da sabon aski, ƙeyarsa fara kamar ta jariri, ana ta tsokanarsa wai ango.

Ladidi ta tambayi ƙugiyarta sau biyu, sannan ta koma zura mazagi da fil.

Ƙugiyar tana cikin jakar Safiyatu. Ta yi niyyar miƙa ta sito, ta je har bakin kanta, mai sito ya turo mata tire ya ce ta ajiye a ciki. Ta dubi tiren, ta ce ta manta wani abu a ofis. Takan bar aiki ƙarfe huɗu kamar kowa, amma a ƙofar masaƙa sai ta ji kamar ta bar tukunya a kan wuta.

Wata Laraba Abdulbaƙi ya shigo ofishinta da wasiƙa a hannu daidai lokacin da aka busa jiniya. Ya same ta a tsaye bayan tebur, ta fuskanci ƙofa, hannunta na dama a dunƙule. Ba shi take kallo ba.

"Wa kike jira?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

Ya buɗe baki kamar zai faɗi wata kalma, ya fasa. Ya ajiye wasiƙar a bakin tebur ya fita da baya. Safiyatu ba ta zauna ba sai da agogon bango ya nuna biyu da minti ashirin.